Kowa da Nasa: Daga Filin Majigi Zuwa Shagon Turi

Majigi bai taɓa ƙorafin yawan jama'a ba. Motar gwamnati ta shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci ko a filin firamare, a jira a idar da sallar isha'i, sannan a tayar da inji. Ko mutum hamsin ne suka zo ko dubu, hasken da ke fita daga na'urar ɗaya ne, man da injin zai sha ma ɗaya ne. Wanda ya makara ya hau katanga ko reshen darbejiya, wani ma ya zagaya bayan ƙyallen ya kalli hoton a juye, bai rage wa kowa komai ba. Iyayenmu da suka ga fim ɗin Baban Larai a zamanin Jihar Arewa haka suka gan shi. Mu da muka riski ƙarshen abin, lokacin da ya koma tallar magani da faɗakarwa kan rigakafi, mu ma haka muka gan shi.

Rediyo ma haka take. Akwati ɗaya a gindin tsamiya, dattawa sun kewaye shi suna sauraren Kaduna ko Landan, batir kuwa bai san adadin kunnuwan da ke wurin ba. Da kaset ɗin bidiyo ya zo, bai sauya wannan lissafi ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekara goma ta cika kasusuwan da ake sarowa daga Ƙofar Wambai sun isa duk garin da ke da mai janareta. Aka share zaure, aka jera benci, aka ɗora talabijin ɗaya a kan tebur, aka sa yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Cikowa ita ce addu'ar mai gidan kallo. Iyakarsa faɗin ɗaki da ƙarfin halin mutane wajen jure zafi da warin gumi. Na'urar ba ruwanta, Sangaya take nunawa ko Wasila, ga mutum biyar ko ga mutum tamanin.

Wannan lissafin ne ya juye a hannunmu, ba tare da an yi shela ba. Ni dai ban lura da juyewarsa ba sai da wata 'yar kwamfuta a shagon ɗan wana ta riƙa ɓacewa duk ranar Lahadi.

Yankinmu ba ya rasa mutane, wannan tun kaka da kakanni. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, da wuya ka yi tafiyar rabin sa'a a ƙasa ba ka ji kukan zakara daga wani gida ba. Gona tana manne da gona, iyaka 'yar gamba ce ko layin lalle, ba a barin fili ya huta, taki ake kai masa a jaki ko a amalanke duk rani. Bature Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, tun a shekarun 1960 ya yi rubutu kan yadda ƙasar da ke kewaye da birnin Kano take ɗauke da ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita kuma take ciyar da su. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Wannan yawa shi ne arzikinmu: shi ke raya kasuwa, shi ke sa gayya ta gama gona kafin azahar. Yanzu kuma kusan kowane baligi a cikinsu yana da waya a aljihu, kowace waya tana neman nata kason.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, amma ta ɗauki shekaru kafin ta zama ta manomi. Abin da ya mai da ita tasa shi ne ƙananan wayoyin nan 'yan Chaina masu layi biyu, da fitila, da lasifika mai ƙara, da ramin saka memori. Da Tecno da itel suka cika kasuwannin Farm Centre da Beirut a Kano, sai wata sana'a ta tsiro a kowace tasha da bakin kowace kasuwa: mai caji, kuma mai turi. Ka ba shi waya ya cika maka batir, ka ƙara masa wani abu ya cika maka memori. Fim, waƙar Shata ko ta Breaker, ƙira'ar Alaramma Ahmad Sulaiman, tafsirin marigayi Malam Ja'afar, bege, fassarar Algaita ta finafinan Indiya, har da littattafan soyayya da ake karantawa a murya don matan da hannunsu ke cikin aiki. Kasuwar faifan sidi ta mutu a tsaye. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya masu shirya fim suka koma YouTube da irin su Izzar So da Labarina. Mutumin birni yana kallonsu da data. Mutumin ƙauye kuwa, ga tsadar data, wadda ta ƙara hawa bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga sabis da sai ka hau tudu. Saboda haka mutum ɗaya ke sauke sabon shiri da tsakar dare, gari na wayewa ya sayar wa mutum ɗari.

Ɗan wan nawa yana cikin masu wannan sana'a, shagonsa na kwano ne, ba nisa da kasuwar Ɗambatta. Ya ɗan yi karatun kwamfuta, kuma ya gaji da tsohuwar hanya: a zare memori, a saka a kwamfuta, a jira, a mayar, ga rigimar wa ya riga wa, ga memorin da ke faɗawa cikin yashi, ga bairos ɗin da ke mai da foldar mutum fanko ya dawo yana zagi. Sai ya yi dabara. Ya samo tsohuwar laftof, ya haɗa mata faifan ajiya na waje mai terabait biyu, ya sayi rauta ta hannu, ya sa wata ƙaramar manhaja da ke nuna foldodin a cikin burauza. Laftof ɗin ta zama uwar garke kenan. Ka biya, ya ba ka kalmar sirri, ka shiga waifai ɗin shagon, ka zaɓi abin da kake so da hannunka. Babu intanet a ciki ko kaɗan, daga teburinsa ne zuwa wayarka.

Daga Litinin zuwa Asabar abin gwanin sha'awa. Malamin makaranta ya tsaya a kan babur, bai ko kashe inji ba ya ɗauki nasa ya wuce. Amma Lahadi kasuwar Ɗambatta take ci, mutane su kwararo daga Makoɗa da Kazaure da Ɓaɓura da ƙauyukan da ke tsakani, wanda ya sayar da akuya, wanda ya kawo gero, da yaran da matan gida suka aiko da wayoyi uku-uku a leda. Da hantsi ya ɗaga sai uwar garken ta ɓace. Waya tana nuna waifai a cike, shafi ya ƙi buɗewa. Wata wayar ma ta tsaya tana ta juyi, ta kasa shiga gaba ɗaya. Laftof ɗin kuwa ga ta nan a kan tebur lafiya lau, in ka danna fim ta nuna maka. A kashe rauta a kunna, abu ya dawo na ɗan lokaci, mutane su yi caa a kai, ya sake ɗaukewa.

Kowa da fassararsa. Masu jira suka ce netwok ne, domin a bakin mutanenmu duk abin da waya ta ƙi yi netwok ne. Wani ya ce bairos. Wani dattijo ya ja shi gefe ya ce ya riƙa neman tsari, kasuwa ba ta rasa mai baƙin ciki. Shi kuma ya kinkimi laftof da rauta ya kai wa mai gyara a birni ranar wata Talata. Mai gyaran ya haɗa wayarsa, ya sauke fim cikin minti ɗaya, ya goge ƙura, ya ce kayanka ƙalau suke. Gaskiya ya faɗa. A shagonsa, da waya ɗaya, ƙalau suke.

Da ya kira ni, muryarsa a sanyaye. "Baffa, abin nan ya fi ƙarfina. Ranar da nake samun kuɗi ita ce ranar da yake mutuwa." Ni ba injiniya ba ne, abin da na sani bai wuce na wanda ya daɗe yana fama da kwamfutocin ofis ba. Na ce masa, "Kai yaro, ciwon da ba ya tashi sai a taro, a taro ake duba shi. Kar ka ƙara kashe komai ranar Lahadi sai ka rubuta abin da ka gani." Wannan ita ce shawara mafi wuyar bi, domin kashewa da kunnawa tana kawo sauƙi nan take, tana kuma share duk wata shaida. Mutum talatin suna tsaye a kanka, wa zai ce ka tsaya rubutu?

Ya daure ya yi. Akwai wani ɗan gwaji da ake kira ping, gajeren saƙo ne da na'ura ke aika wa wata don ta ga ko za ta amsa. Ya sa shi a wayarsa, duk sanda abu ya tsaya sai ya aika wa rauta, ya aika wa laftof, ya rubuta lokaci da adadin mutanen da ke wurin a bayan littafin bashi. Nan ya gano cewa abin da muke kira "ta ɓace" ba abu ɗaya ba ne. Wani lokaci laftof tana amsa gwajin amma shafi ba ya buɗewa. Wani lokaci tana amsawa a makare, tana tsallake wasu. Wani lokaci kuma wayar baƙo ce ba ta samu shiga ba sam, alhali tasa tana aiki. Cuta uku ce ta sa riga ɗaya.

Ta ukun ta fi ba ni mamaki, domin laifin waɗanda ba su ma shigo shagon ba ne. Duk wayar da ta shiga waifai, rauta tana ba ta lamba, adireshin da za a riƙa aiko mata da saƙo. Lambobin nan ƙidayayyu ne. A irin wannan ƙaramin tsari ba sa wuce 254, kuma sau da yawa rauta tana zuwa ne an ware mata ƙasa da haka, kamar hamsin ko ɗari. Ba kyauta take bayarwa ba, aro ne na wani wa'adi, a wasu na'urorin sa'a biyu, a wasu kwana guda cur. To shi ɗan wan nawa bai taɓa sauya kalmar sirri ba tun da ya fara. Duk wanda ya taɓa sayen fim a wurinsa, wayarsa ta haddace. Ranar kasuwa mutum ya zo wucewa zai je layin 'yan dabbobi, wayar tana aljihu, ta hango waifai ɗin da ta sani, ta shiga da kanta, ta karɓi lamba, mai ita ya yi gaba bai ma sani ba. Lambar ta tafi kenan sai gobe. Kafin azahar lambobi sun ƙare, mai kuɗi a hannu yana tsaye ba a ba shi ba. Ga wani ƙarin: ita kanta laftof ɗin aron lamba take yi kamar kowa. Duk sanda aka kashe rauta aka kunna, tana iya dawowa da sabuwa, adireshin da ya rubuta da alli a jikin ƙofa ya zama na wayar wani mai sayar da albasa.

Ta biyun a iska take. Waifai ba ya magana da waya biyu a lokaci guda a irin wannan tsohuwar rauta, bi da bi ake yi, da saurin da ido ba ya gani. Laftof ɗin kuma ba da kebul ya haɗa ta ba, ita ma ta iska take, saboda haka kowane fim sai ya ratsa iska sau biyu, daga laftof zuwa rauta, daga rauta zuwa waya. Sannan wayar da ke nesa, ta wanda ya koma inuwar bishiya ya zauna, magana take a hankali, kuma muddin tana magana sauran jira suke. Tsohuwar waya ɗaya a nesa tana iya jan kowa baya. Ƙara da cewa zangon da waɗannan na'urori ke amfani da shi, na 2.4, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa shiga juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, ga maƙwabta masu turi kowa da nasa, ga samari suna tura wa juna ta Xender a bakin shago. Lissafin ba shi da wuya: idan iskar tana ɗaukar megabait huɗu a daƙiƙa, shiri mai megabait 300 zai isa waya ɗaya cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Mutum talatin su nema tare, an haura rabin sa'a, in ma ba a yi asarar komai a karo da juna ba. Ana kuwa yi.

Ta farkon ita ce ainihin abin da ke sa shafi ya ƙi buɗewa alhali na'ura tana raye. Samarin yanzu suna da manhajojin sauke kaya masu wayo, waɗanda ke yanka fayil ɗaya gida takwas ko sha shida su ja kowane yanki ta hanyarsa, wai don sauri. Mutum ɗaya ya zaɓi shiri biyar, ya zama ya buɗe hanyoyi da dama shi kaɗai. 'Yar manhajar da ke kan laftof tana da iyakar hanyoyin da za ta riƙe a lokaci guda. Da sun cika, duk wanda ya zo sai ya tsaya a waje, ba a ce masa a'a ba, ba a ce masa to ba. Wanda kuma ya gaji ya fita da wayarsa bai rufe komai ba, hanyoyinsa suna nan a buɗe ana jiransa har wa'adinsu ya ƙare. Ƙarƙashin wannan duka ga faifan ajiya, irin mai juyawa, mai allura ɗaya da ke karatu. Ka ba shi fayil ɗaya ya karanta a jere, zai ba ka megabait ɗari a daƙiƙa ko kusa. Ka ce ya karanta wurare ɗari a tare, sai allurar ta ƙare a tsalle daga nan zuwa can, abin da ke fitowa ya koma ɗan kaɗan. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san wannan. Mai inji ba ya zuba geron mutum goma a lokaci guda don ya burge su. Kwanuka ake jerawa, a gama da ɗaya a ɗauki na gaba, kuma a haka kowa ya fi saurin komawa gida.

Zafi da ƙura da wuta ma sun sa hannu, amma su 'yan rakiya ne. Rufin kwano a watan Afrilu, ana ma'aunin 40 a waje, fankar laftof ta toshe da ƙurar hunturu, dole ta rage gudu don kar ta ƙone. Wutar janareta da ake raba wa wayoyi sittin masu caji kuwa takan sa rauta ta farfaɗo da kanta ba a taɓa ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya koma sola da batir, wannan ɓangaren ya yi sauƙi.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba, abin da ya ci shi ne girman kai. Kebul ɗaya daga laftof zuwa rauta. Lamba tabbatacciya ga laftof, wadda ba ta sauyawa. Wa'adin aron lamba ya dawo rabin sa'a. Kalmar sirri sabuwa duk safiyar Lahadi. Kowace waya hanya biyu kacal. Sabbin shirye-shiryen mako, waɗanda su ne kowa ke nema, ya kwashe su zuwa wani ƙaramin faifai marar juyi, ya kuma matse su suka ragu, tunda a fuskar waya mai faɗin tafin hannu ba mai gane bambanci. Rauta ta bar ƙarƙashin tebur ta hau saman ƙofa. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi yi masa ciwo: ya yanka kwalin taliya ya rubuta lambobi ɗaya zuwa goma. Sai mai riƙe da kwali ake ba kalmar sirri, in ya gama ya miƙa wa na bayansa. Ya kafa wannan tsari ne don ya kashe layi, ga shi ya dawo da layi da hannunsa. Wani tsoho da aka miƙa wa kwali ya ce, "Ɗan nan, ashe dai asibiti ka buɗe."

Na ce masa kar ya ji kunya, manya ma abin da suke yi kenan, sai dai nasu layin ba a ganinsa. Kamfanoni irin su Google da Netflix suna ajiye na'urori cike da finafinan da aka fi nema a cikin ɗakunan kamfanonin sadarwa na ƙasashe daban-daban, don kar kowane mai kallo ya ja nasa daga Amurka. A Kuba, inda intanet ta daɗe tana da wuya da tsada, akwai ƙunshin mako-mako na kusan terabait ɗaya da ake yawo da shi gida-gida a faifan ajiya, sana'ar turi ce sak, da Sifaniyanci. Kuma ƙarfen sabis da ke tsaye a bayan kasuwa ciwonsa ɗaya da rautar shagon: an auna shi da mutanen Talata, sai ga mutanen Lahadi. Shi ya sa ranar kasuwa kira ke yankewa, mai POS yana ɗaga na'urarsa sama yana juyawa. Wanda ya sayar da sa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya tsaya har magariba yana jiran alat, ba ya bukatar a yi masa bayanin cunkoso.

Ba na cikin masu kukan zamanin majigi. Abin da aka ga dama aka nuna mana, a ranar da aka ga dama, kuma rabin gari ba ya wurin. Gidan kallo na maza ne da yara. Matar aure a cikin kulle labarin fim take ji daga bakin ƙaninta, in ya ga dama ya faɗa daidai. Yau wayoyin da ke zuwa a leda nata ne da na kishiyarta da na surukarta, kowace da saƙonta: wannan tafsiri, wannan ci gaban shirin da ta tsaya a kai, wannan waƙoƙin biki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa zama a tsakar gida daga asuba zuwa dare ba. Nauyin da ya durƙusar da laftof ɗin, nauyin mutanen da da can ba a lissafa su ne.

Sai dai akwai abin da ya tafi. Dariyar Ibro, Allah ya jiƙansa, a ɗaki mai mutum sittin daban take da dariyarsa a kunnen mutum ɗaya. Washegari a gona kowa ya san abin da ake maimaitawa. Yanzu samari biyar a kan benci ɗaya, fim biyar, ba mai ɗaga kai. Uba kuma da ya san abin da ake nunawa a zauren unguwa, domin ta ƙofar yake wucewa zuwa masallaci, yau bai san abin da ke cikin memorin ɗansa ba, mai turi ne ya sani. Wannan amana ce da aka ɗora wa yara 'yan shekara ashirin ba tare da an tambaye su ba. Nawa dai ya ce akwai foldar da ba ya ajiyewa ko nawa za a biya, na kuma yarda da shi, amma ba shi kaɗai ne a layin ba.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ba ma son yi a gida. Fim ɗin da ake turawa, wani ne ya sayar da fili ko motarsa ya shirya shi. A zamanin kaset, ko da satar fasaha, akwai wani abu da ke komawa hannun mai shi daga Ƙofar Wambai. A YouTube kuɗinsa yana zuwa ne daga adadin masu kallo, to mutum ɗari da suka karɓa daga shagon ɗan wana, a lissafin can mutum ɗaya ne. Da na faɗa masa haka sai ya yi shiru, can ya ce, "Baffa, in na daina, na kusa da ni ba zai daina ba. Su kuma mutanen nan ba za su sayi data ba, haƙura za su yi." Duka biyun gaskiya ne, kuma ba su wanke shi ba. Ni ma da nake wa'azin, akwai shirin da na karɓa a wurinsa.

Cinikin ma ba kamar da ba. Samarin ƙauye sun gane cewa ba sai kowa ya biya ba. Su haɗa kuɗi, ɗaya ya hau babur ya karɓo, da daddare a dandali ya tura wa biyu, biyun su tura wa huɗu, kafin a tashi hira shirin ya zaga gari, ba rauta ba kwali. Nauyin da ya gagari na'ura ɗaya, da aka raba shi a wayoyi ashirin ba wanda ya ji shi. Abin da ke riƙe shagon yanzu caji ne da POS da sayar da kebul da gilashin waya, turi ya koma abin jawo mutane. Da damina kuwa sai bayan azahar yake buɗewa, domin shi ma yana da gonar gero da wake da zai nome, masu sayen ma suna can a duƙe.

Abin da ke gabansa shi ne jajiberin Sallah, ranar da 'yan ci-rani ke dawowa daga Legas da Abuja da Fatakwal da manyan wayoyi masu faɗin ciki, kowa yana son ya cika wa matarsa da ƙannensa, ranar da kwali goma ba za su isa ba. Ya yi magana da wani abokinsa zai aro masa rauta ta biyu, mai zango na 5, wanda sababbin wayoyi ke iya hawa, don ya raba su da tsofaffin.  Ya tambaye ni ko laftof ɗin za ta ɗauki mutum ashirin a haka. Na ce ya gwada ranar wata Lahadi kafin azumi ya raba, ya kuma ajiye littafin bashin kusa.